Jan Ƙuma da Ƙwan Holan: Yadda Neman Maganin Ƙwaron Kaji Ya Gurɓata Kasuwar Ƙwai a 2017

A ranar 2 ga Yunin 2017, hukumar kula da lafiyar abinci ta Beljiyam ta samu sanarwa daga wani kamfanin sarrafa ƙwai cewa gwajin da aka yi wa hajarsa ya nuna ɓurɓushin fipronil, wani maganin ƙwari wanda dokar Tarayyar Turai ta hana a yi amfani da shi a kan duk dabbar da mutane za su ci namanta ko ƙwanta. A lokacin gona ɗaya ake magana a kanta. Kafin makon farko na Satumba ya wuce, Hukumar Tarayyar Turai ta tabbatar da cewa gurɓataccen ƙwai, ko abincin da aka haɗa da shi, ya isa ƙasashe 45, ciki har da 26 daga cikin ƙasashe 28 da tarayyar take da su a wancan lokaci. An rufe ɗaruruwan gonaki, an zubar da miliyoyin ƙwai, an kuma hallaka miliyoyin kaji waɗanda ba wata cuta da ta kama su. Mafarin wannan ɓarna duka wata halitta ce da tsawonta da ƙyar yake kai milimita ɗaya, wadda masana ke kira Dermanyssus gallinae, manoman Holan kuma suke ce mata bloedluis, wato ƙwarƙwatar jini, ko da yake ba ƙwarƙwata ba ce. A nan za a kira ta jan ƙuma.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji ya san ƙuma, musamman a lokacin da kaza take kwanci, sa'ad da mutum zai miƙa hannu cikin akurki ya fito da shi yana jin abu na yi masa tafiya a fata. Sai dai kalmar ta tattara halittu da dama a bakin Hausawa, kuma sai an rarrabe su za a gane yadda lamarin Holan ya kasance. Waɗanda ake nufi a nan ba ƙwari ba ne masu ƙafa shida irin ƙwarƙwata. Dangin kaska ne da gizo-gizo, manyansu ƙafa takwas gare su, ba su da fiffike, ba sa kuma tsalle. A cikinsu akwai rukuni mai yawa, sama da iri 2,000 da masana suka bayyana, waɗanda ke zaune a tsakanin siraran silin gashin fiffike da na jela, ba sa barin jikin tsuntsu tun daga ƙyanƙyasa har mutuwa. An daɗe ana lissafa su a matsayin masu cin jikin tsuntsu kamar yadda kauci ke cin bishiya, amma wani bincike da Jorge Doña da abokan aikinsa suka wallafa a 2019, bayan sun duba abin da ke cikin cikin irin waɗannan halittu kimanin 1,300 da aka ciro daga tsuntsaye iri 190, bai tarar da jini ba, fumfuna ce ta fi yawa a ciki. Ke nan yawancin mazauna gashi na ainihi sun fi kama da masu shara da a ce ɓarayi ne.

Masu cutarwar daban suke. Akwai waɗanda ke shiga cikin bututun gindin gashi su huda bangonsa suna tsotsar ruwan jiki. Akwai Ornithonyssus sylviarum, wanda ya fi addabar gonakin Amurka, yana shan jini, yana kuma yin ƙwai a jikin gashin da ke kewaye da duburar kaza har gashin ya yi baƙi da kashinsa. Ɗan'uwansa Ornithonyssus bursa shi ne ya fi son ƙasashe masu zafi, yana kai da kawowa tsakanin jikin tsuntsu da sheƙa. Waɗannan duka, idan aka kama kaza aka buɗe gashinta, za a gan su, kuma duk maganin da za a yi musu a jikin kazar za a sa shi, abin da ya mayar da su sha'anin likitan dabbobi kai tsaye.

Jan ƙuma bai yarda da wannan tsari ba. Da rana yana ɓuya a tsagar katako, da mahaɗar ƙarafa, da ƙarƙashin sandar da kaji ke hawa su kwana, da cikin busasshen kashi, cure-cure kamar toka. Idan dare ya yi aka kashe fitilu, ɗumin jikin kaza da iskar numfashinta su ne ke jawo shi, sai ya bi ƙafafu ya shiga ƙarƙashin gashi, ya sha jini na tsawon rabin sa'a zuwa sa'a guda ko fiye da haka kaɗan, ya sauka ya koma maɓoyarsa kafin gari ya waye. Kafin ya sha jini ruwan toka ne, bayan ya sha ya zama ja, daga nan ya riƙa duhu har ya koma kusan baƙi. Idan akwai ɗumi da laima, kwana bakwai sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama babba mai yin nasa ƙwan, kuma idan aka kwashe kaji aka bar gidan fayau, yana iya zama wata takwas zuwa tara bai ci kome ba yana jiran sabon garke. Manomi zai iya ɗaga kaza da tsakar rana ya duba ta ciki da waje bai ga ko ɗaya ba, alhali a gidan da abin ya yi ƙamari ana ƙiyasta cewa kowace kaza dubban ƙuma ne ke jiranta da dare, daga 25,000 zuwa 50,000, a wasu lokutan ma fiye da haka nesa.

Illar a hankali take bayyana. Kazar da ba ta samu barci ba sai ta yi ta susa da tsattsagar gashinta da na 'yan'uwanta, zankonta ya yi fari saboda ƙarancin jini, cinta ya ƙaru amma ƙwanta ya ragu, ɓawon ƙwan kuma ya fito da ɗigo-ɗigon jini inda ya murƙushe ƙuma a hanyarsa ta gangarowa, wanda hakan ke rage masa daraja a kasuwa. Idan abin ya tsananta kaji kan mutu. Ma'aikatan gona su ma suna fama da ƙaiƙayi da ƙuraje, sannan an nuna cewa ƙuman na iya ɗaukar ƙwayar salmonela daga garke zuwa garke. Bitar da masana suka yi kafin wannan rikici ta nuna cewa kimanin kashi 83 cikin ɗari na gonakin kajin ƙwai a Turai suna da shi, a Holan da Jamus da Beljiyam kuwa adadin ya kai kashi 94, kuma an ƙiyasta asarar da yake jawowa, tsakanin kuɗin magani da raguwar ƙwai, a kan Yuro miliyan 231 kowace shekara.

Akwai abubuwa uku da suka taru suka ƙara wa manoma ƙunci a shekarun da suka gabaci 2017. Daga ranar 1 ga Janairun 2012 Tarayyar Turai ta haramta tsohon kejin waya mai ƙunci, don jin ƙan kaji, aka koma manyan kejuna masu sandar hawa da wurin yin ƙwai, ko gidaje masu hawa-hawa da kaji ke yawo a sake. Wannan gyara ne na gaskiya ga rayuwar kaza, amma kowace sanda da kowane ƙusa da aka ƙara a gidan sabuwar maɓoya ce ga ƙuma. Sannan an tsawaita zaman garke, domin kajin zamani suna ci gaba da ƙwai har su kai mako 80 ko 90, wanda ke nufin gidan kan daɗe ba a kwashe shi an wanke ba. Na uku, tsofaffin magungunan feshi wasu an janye su daga kasuwa saboda haɗarinsu ga mutane, waɗanda suka rage kuwa ƙuman ya saba da su a wurare da yawa. Abin da ya saura a hannun manomi shi ne garin silika da ke kankare fatar ƙwaron ya busar da shi, da sabulu, da mayukan tsirrai, dukansu masu rage yawa ne kawai, bayan 'yan makonni a sake.

A cikin wannan hali ne wani ƙaramin kamfani mai suna ChickFriend ya shigo. Mazauninsa Barneveld ne a lardin Gelderland, garin da ya yi suna da kiwon kaji har akwai irin kaza mai ɗauke da sunansa. Matasa biyu ne suka mallake shi, kuma aikinsa tsabtace gidajen kaji da feshe su. Abin da suke fesawa, a faɗarsu, haɗi ne na tsirrai mai suna Dega-16, wanda ya ƙunshi man itacen turare da sinadarin na'ana'a, kuma suna samo shi daga wani kamfanin Beljiyam mai suna Poultry-Vision da ke lardin Antwerp. Sakamakon ya ba kowa mamaki, domin gidan da aka fesa sau ɗaya yakan yi watanni ba a ga ƙuma ba, har kamfanin yana ba da tabbacin wata takwas. Labari ya bazu daga baki zuwa baki, manoma suka yi ta kira, har da masu gonakin da ke sayar da ƙwansu da tambarin cewa ba a sa wa kajinsu sinadarin zamani, tun da an ce musu na tsirrai ne. Abin da ba a rubuta a takardar kuɗi ba shi ne an gauraya haɗin da fipronil, wanda bincike ya bi sawunsa har zuwa wani mai sayarwa a Romaniya. Daga baya an gano cewa ChickFriend ya yi amfani da wani sinadarin kuma, amitraz, wanda shi ma ba shi da izini a gidajen kaji.

A ganina, nan ne dabi'ar ƙuman ta taka rawa fiye da yadda aka saba faɗa. Da a jikin kaza yake zaune, da maganinsa ya zama maganin dabba, wanda sai likita ya rubuta, sai an shigar da shi littafin gona, sai an ƙidaya kwanakin da za a jira kafin a sayar da ƙwai. Amma da yake a jikin gini yake, sai yaƙi da shi ya faɗa hannun masu wanke gini, waɗanda ba likitoci ba ne, kuma tsarin tabbatar da ingancin ƙwai na Holan bai sa musu ido yadda ya sa wa masu abinci da magani ba. Bugu da ƙari, fipronil ba ya cikin jerin abubuwan da aka saba nema a gwajin ƙwai na yau da kullum, saboda an ɗauka cewa abin da aka haramta ba zai zo kusa da kaza ba. Don haka aka yi watanni ana fesawa, ana kwasar ƙwai, ana gwada shi don wasu abubuwan, yana wucewa.

Fipronil kansa ba baƙon abu ba ne. Kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ne ya gano shi a ƙarshen shekarun 1980, ya fito da shi kasuwa a 1993, kuma shi ne sinadarin da ke cikin wasu sanannun magungunan kaska da ƙuma na karnuka da kyanwa, ana kuma kashe kyankyaso da gara da shi. Yana aiki ne ta hanyar toshe wata ƙofa a jijiyoyin ƙwaro wadda ke lafar da saƙonni, sai jijiyoyin su yi ta harbawa ba tsayawa har ƙwaron ya mutu. Siffofinsa biyu ne suka sa ya yi wa jan ƙuma kisan da ba a taɓa gani ba: ba ya saurin lalacewa a inda aka fesa shi, kuma yana narkewa a cikin mai. Waɗannan siffofi biyu su ne kuma suka kai shi cikin ƙwai. Kaza tana shaƙarsa, tana tsattsagarsa a ƙasa, yana shiga ta fatarta, jikinta ya juya shi zuwa wani nau'i mai suna fipronil sulfone wanda ya fi daɗewa, ya taru a kitse, daga kitse ya gangara cikin gwaiduwa. Dafawa ko soyawa ba sa kawar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a aji na biyu, mai matsakaicin haɗari, kuma idan ya yi yawa a jikin mutum yana iya taɓa hanta da ƙoda da ƙullin maƙogwaro da kumburinsa ke zama maƙoƙo.

Tsakanin 2 ga Yuni da 20 ga Yuli, Beljiyam ba ta sanar da sauran ƙasashe ba, in ban da Holan. Tarayyar Turai tana da tsarin gargaɗin gaggawa kan abinci, wanda ake kira RASFF a taƙaice, amma sai a ranar 20 ga Yuli aka shigar da batun cikinsa, kusan mako bakwai bayan sanarwar farko. Hujjar hukumar Beljiyam ita ce masu gabatar da ƙara suna binciken zamba, kuma tana jiran jerin sunayen gonakin da aka fesa daga takwararta ta Holan. Ita kuwa hukumar Holan, NVWA, ta fito fili a ranar 22 ga Yuli da rufe gonaki ƙalilan, kafin farkon Agusta adadin ya kai wajen 180, daga baya ya haura 250. Girman abin ya samo asali ne daga matsayin Holan a wannan kasuwa, domin ƙasar tana samar da ƙwai kimanin biliyan 10 a shekara, kuma kusan kashi biyu cikin uku waje ake kai shi, mafi yawa Jamus.

Abu ɗaya da ya yi aiki yadda aka tsara shi shi ne lambar da ake bugawa a ɓawon kowane ƙwai a Turai. Lambar farko tana nuna yadda aka kiwata kazar, daga 0 na kiwon da ba sinadari zuwa 3 na keji, sai haruffan ƙasa, sai lambar gona da ta ɗakin kaji. Da wannan ne NVWA ta iya wallafa jerin lambobi, mutane suka riƙa buɗe firji suna dubawa. Amma bayanin hukuma bai zo da murya ɗaya ba. A ranar 1 ga Agusta wani babban jami'in hukumar ya faɗa a talabijin cewa wanda zai iya haƙura da cin ƙwai zuwa Lahadi gara ya haƙura, alhali matsayin hukumar a rubuce shi ne lamba ɗaya ce kawai ke da haɗari na nan take, wasu kuma yara ne aka ce kada a ba su. Ranar 4 ga Agusta kantunan Aldi suka kwashe duk ƙwan da ke shagunansu na Jamus, mai laifi da marar laifi. Gwamnatin tarayyar Jamus ta ce ƙwai miliyan 10.7 ne ake zargin sun shigo ƙasar, jihar Lower Saxony ta ce abin da ya shigo mata ita kaɗai ya haura miliyan 28. A Birtaniya an fara cewa ƙwai 21,000 ne, bayan 'yan kwanaki aka gyara zuwa 700,000, yawancinsu an riga an sarrafa su cikin abincin kanti irin su burodi mai haɗi da kwaɗon ganye. Lambar ɓawo ba ta da amfani idan an fasa ƙwan an zuba shi cikin taliya ko biskit ko mayonis. Gurɓatar ta kai har Hong Kong.

Ya kamata a auna haɗarin da ma'auninsa na gaskiya, domin a nan ne mutane da yawa suka ruɗe. Iyakar da doka ta sa wa fipronil a ƙwai ita ce miligiram 0.005 a kowane kilo, wanda kusan shi ne mafi ƙarancin abin da na'ura za ta iya ganowa, ma'ana doka ba ta son a same shi ko kaɗan. Matakin da aka ɗauka a matsayin mai iya cutar da ƙaramin yaro nan take shi ne miligiram 0.72 a kilo, wato ninki 144 na iyakar doka. Cibiyar auna haɗari ta Jamus, BfR, ta yi lissafi da mafi girman adadin da aka samu a Beljiyam, miligiram 1.2 a kilo, ta ce yaro mai nauyin kilo 16 zai iya cin ƙwai ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya a yini bai wuce iyakar lafiya ba, babba mai kilo 65 kuwa har bakwai. Yawancin ƙwan da aka zubar yana tsakanin waɗannan lambobi biyu ne, ya karya doka amma bai kai ga cutarwa nan take ba. Wannan bai wanke kowa ba, domin mai saye ya biya kuɗin ƙwai mai tsabta ne, kuma babu wanda ya nemi yardarsa kafin a ciyar da 'ya'yansa maganin kyankyaso, kome ƙanƙantarsa.

Ranar 9 ga Agusta ministan noma na Beljiyam, Denis Ducarme, ya shaida wa majalisar ƙasarsa cewa hukumar Holan ta samu labarin fipronil tun watan Nuwamban 2016. Gwamnatin Holan ta amsa cewa lalle wani da bai bayyana sunansa ba ya tsegunta mata cewa ana amfani da sinadarin a gidajen kaji, amma a lokacin ba ta ga alamar ya shiga ƙwai ba. An miƙa tsegumin ga sashen binciken laifuka na hukumar, aka bi shi a matsayin batun zamba, ba a je an ɗebi ƙwai an gwada ba. Wata takwas ke nan tsakanin tsegumin da rufe gona ta farko, kuma duk tsawon wannan lokaci ana ci gaba da feshi. Washegari, 10 ga Agusta, 'yan sanda suka kai samame a ƙasashen biyu, aka kama masu ChickFriend. Ministoci suka yi ta ɗora wa juna laifi tsakanin Jamus da Beljiyam da Holan, har kwamishinan lafiya na Tarayyar Turai, Vytenis Andriukaitis, ya kira taro a Brussels ranar 26 ga Satumba, inda aka amince da matakai 19, mafi muhimmanci a cikinsu shi ne haɗa tsarin gargaɗin lafiyar abinci da tsarin musayar bayanai kan zamba, don kada binciken laifi ya sake zama dalilin yin shiru.

A gonaki kuwa, garin neman gira an rasa ido. Manomin da aka rufe wa gona ba shi da izinin fitar da ƙwai ko kaza ko kashi, amma kajin suna ci kowace rana, suna kuma yin ƙwan da za a kwashe a lalata da kuɗinsa. Zaɓi biyu ne a gabansa. Ko dai ya hallaka garken duka ya fara daga farko, ko ya rage musu abinci da haske har su daina ƙwai su zubar da gashi, da fatan idan kitsen jikinsu ya ƙone gubar za ta fita tare da shi. Hanya ta biyu tana cin makonni, kuma ba kullum take yin nasara ba, domin kazar da ta tsarkaka tana iya sake ɗaukar sinadarin daga ginin da take ciki. Wanke ginin shi ne ya fi ba da wahala. Fipronil ya shige cikin roba da katako da ƙura da duk tsagar da aka fesa shi don ya iske ƙuma, saboda haka wasu manoma sun wanke ɗakunansu sau da yawa da soda da wasu sinadarai masu ƙarfi, gwaji yana ci gaba da nuna saura, wasu kuma sai da suka ciccire kayan ciki suka sayi sababbi. Kashin kajin, wanda a da taki ne, ya zama shara mai guba da sai an kai ta an ƙone. Cibiyar nazarin tattalin arziki ta jami'ar Wageningen ta ƙiyasta asarar da harkar ƙwai ta Holan ta yi a kan Yuro miliyan 65 zuwa 75.

Kwamitin da gwamnatin Holan ta kafa ƙarƙashin tsohuwar ministar shari'a Winnie Sorgdrager ya miƙa rahotonsa a watan Yunin 2018, kuma bai bar kowa ba. Ya ce kamfanonin harkar ƙwai, da hukumar NVWA, da ma'aikatun da ke sama da ita, babu wanda ya ba lafiyar abinci matsayin da ya kamace ta, ya kuma tuna wa manoma cewa a doka su ne na farko da alhakin abin da suke sayarwa yake wuyansu. Wannan batu na ƙarshe ya yi wa manoma ciwo, domin suna ganin an yaudare su ne, hukuma kuma ta sani ta yi shiru. Dukansu biyu gaskiya ne. Amma mutumin da ya shekara goma yana fama da ƙwaron da ya gagari kowane magani, sannan aka zo masa da man turare da na'ana'a suka share shi wata takwas, yana da dalilin da zai sa ya tambayi abin da ke cikin jarkar, kuma kaɗan ne suka tambaya. Ƙungiyar manoma ta kai gwamnati ƙara tana neman diyya, kotun Hague ta yanke a 2019 cewa gwamnati ba ta da alhakin biyan asararsu. A 2020 wata kotu ta ɗora wa ChickFriend alhakin asarar manoman da suka kai shi ƙara, a watan Afrilun 2021 kuma kotun Zwolle ta yanke wa masu kamfanin biyu ɗaurin shekara ɗaya-ɗaya, bayan ta gamsu cewa sun san abin da suke fesawa. A Antwerp ma an hukunta waɗanda suka haɗa maganin suka sayar a wannan shekarar.

Holan ba ita kaɗai ba ce ta faɗa wannan rami. Hayaniyar Turai ta sa Koriya ta Kudu ta gwada nata ƙwan a tsakiyar Agustan 2017, ta tarar da fipronil da wasu magungunan ƙwari a gonaki kimanin 50, ba tare da wata alaƙa da kamfanin Barneveld ba. Manoman can da kansu suke fesawa, kuma ƙwaron da suke yaƙa shi ne dai jan ƙuma.

Wani abin lura shi ne, a cikin wannan wata na Agusta, ana tsakiyar zubar da ƙwai, Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da wani maganin ƙuma, fluralaner, don kaji, da sunan Exzolt. Ana zuba shi a ruwan sha sau biyu, kwana bakwai tsakani, ya shiga jinin kaza, duk ƙuman da ya zo sha da dare ya mutu, zubi na biyu kuma ya tare waɗanda suka ƙyanƙyashe bayan na farko. Ba a buƙatar jira kafin a sayar da ƙwan. Hikimarsa ita ce ya daina bin ƙuman zuwa maɓoyarsa, ya jira shi a wuri ɗaya tilo da dole ya zo, kuma hakan ya mayar da maganin hannun likitan dabbobi. Yana da tsada, ba ya kuma hana ƙuma sake shigowa ta kwandon ƙwai ko tufafin ma'aikaci ko sheƙar tsuntsun daji a rufin gini, shi ya sa ake haɗa shi da wasu dabaru: ɗumama gidan da babu kaji zuwa sama da digiri 45 na tsawon kwanaki, sakin wasu ƙananan halittu masu cin jan ƙuma, da ɗaura tarkon kwali mai ramuka a ƙarƙashin sandar kwana don a riƙa ƙidaya yawansa tun bai fi ƙarfi ba.

Fipronil ɗin da aka fesa kuwa bai tafi da wuri ba. An shiga 2018 da sauran gonaki a rufe a Holan, kuma a watan Yunin shekarar, kusan shekara guda bayan an daina feshi, hukumomin Lower Saxony suka sake janye ƙwai kimanin 73,000 da aka rarraba a jihohi shida na Jamus. Daga wata gonar Holan ya fito, irin wadda kajinta ke fita fili suna tono, kuma bayanin da masu harkar suka bayar shi ne sauran sinadarin yana nan cikin ƙasar filin.